"Hanyar lafiya a bi ta da shekara": a ina ake faɗar ta?

Malamin Kongo: Jama'a, direbobin bas sun mayar da wannan karin magana abin kare kai. Fasinja ya yi ƙorafin an tsaya lodi a PZ nan Zariya, sai a ce masa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ni a ganina ba muhallinta ba ne. Ana faɗar ta ne idan hanya biyu ce a gabanka, gajera mai haɗari da doguwa mai aminci. Jiran mota ta cika ba zaɓin hanya ba ne.

Bakaniken Sabon Gari: Gaskiyarka Malam. Wanda ya fi kowa buƙatar jin ta ɗan acaɓa ne a watan Agusta. Ruwa ya kwanta a lungu, maimakon ya zagaya ta kwalta sai ya kutsa. Muddin ruwa ya kai iyakilina, wato matatar iskar da injin ke shaƙa, injin zai shaƙe shi ya mutu. Kuskuren da ake yi shi ne a hau buga kik nan take. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, yana iya lanƙwasa sandar fistin. A tura babur waje, a cire filogi, a buga kik sau da yawa ruwan ya fito ta ramin, a kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireto a tsiyaye, a shanya soson iyakilina. Sannan a duba baƙin mai. In ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, juye shi za a yi a sa sabo, wajen lita 1. Zagayen minti biyar ya zama aikin yini.

Hajiya ta Tudun Wada: To ai har a madafa tana aiki. Talgen tuwon masara in bai nuna ba aka zuba gari, tuwon zai yi gari-gari, kafin safe ya saki ruwa.

Malamin Kongo: Hajiya, a yi mini afuwa, wannan na "sauri ya haifi nawa" ne. Can gaggawa ce ta ɓata aiki. Nan kuwa tun farko ka san akwai haɗari, ka zaɓi nisa da gangan.

Direban Kwangila: Amma Malam, wace ce ma hanyar lafiyar? Daga Ƙofar Doka zuwa Samaru, in ka bi Tudun Wada da PZ akwai cunkoso, Keke Napep na yanko maka ta kowane gefe, amma kowa a hankali yake tafiya, ƙarshenta a goge maka fenti. In ka bi Ɗanmagaji ka hau babban titin Kaduna zuwa Kano, ba tsayawa, sai dai kana tsakanin tireloli. Ga ta da tsawo, ga ta da haɗari, musamman bayan magariba in an ajiye tirela a gefen titi ba fitila.

Hajiya ta Tudun Wada: Kuma in mai naƙuda ce a motar za a kai ta asibitin Shika, wa zai ce a bi da shekara?

Bakaniken Sabon Gari: Ba wanda zai ce, ranki ya daɗe. Sai dai ko a nan kar direba ya yanke ta cikin ruwan da bai san zurfinsa ba. Mota ta mutu a tsakiya, sai an nemo masu turi.

Direban Kwangila: Ni da rana Ɗanmagaji zan bi da ita. Da dare kuwa PZ, lokacin cunkoson ya watse.