Neman shawara kan shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun gida

Baban Hafsa: Assalamu alaikum. Na sayo ƙaramin jirgin ƙasa ƙirar LGB ta Jamus, mai tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 45, kuma ina so in shimfiɗa masa layi na dindindin a lambun gidana a Kaduna. Filin mita 8 ne a tsawo, 5 a faɗi, yana da ɗan gangare, ga bishiyar mangwaro a gefe. Burina layin ya zaga sau biyu, ya haye kansa ta kan gada. Shin filin zai isa, kuma da siminti ya kamata in kafa shi?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka haƙa komai tukuna. Ka shimfiɗa tiyon ban ruwa a ƙasa daidai siffar layin da kake so, ka bar shi har a yi ruwan sama mai ƙarfi, domin ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. Kwanar dogon da ke zuwa cikin kwalin jirgin, wato R1, faɗin da'irarta mita 1.2 ne kawai, dogayen taragu suna wahala a kanta. Ka nemi R3 mai kusan mita 2.4, tunda faɗin filinka zai ɗauka. Gadar ce take damuna. Hawa bai kamata ya wuce santimita 2 a kowace mita ba, saboda haka idan kana son layin sama ya ɗaga da santimita 25, sai ka yi hawan mita 12 da ɗoriya, sannan saukar ma haka, kuma hawa a kan kwana ya fi gajiyar da kan jirgin. Gangaren filin zai iya rage maka aiki idan ka dasa gadar a ɓangaren da ya fi ƙasa.

Maman Sadiq: Ban goyi bayan siminti ba, Baban Hafsa. Dogon tagulla yana miƙewa da zafi: mita 10 za ta ƙaru da kusan milimita 6 idan zafinsa ya hau da digiri 30, abin da ranar watan Afrilu take yi cikin sauƙi, kuma layin da aka ɗaure tamau lanƙwashewa yake yi. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, ka cika shi da fasasshiyar tsakuwa mai kaifi, ka daddanne ta, ka bar layin ya kwanta a kai ba tare da ƙusa ba. Tsakuwar rafi mai santsi ba ta riƙe juna. Ka guji katako saboda gara, ka kuma nisanci saiwar mangwaron.

Injiniya: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai ƙafafun gada kam suna bukatar siminti. Da harmatan ma ƙura tana hana lantarkin da ke bin dogo isa ga jirgin, don haka jirgi mai batir da rimot zai fi sauƙin kulawa.

Baban Hafsa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da zagaye ɗaya a daminar bana, in bar wa gadar wurinta.