Al'adata ta rikice ina da shekara 47: in yi ekografi ko in ƙara jira?

Madam daga Birni:

Assalamu alaikum ƴan'uwa mata. Na yi makonni ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in kawo ta gabanku.

Shekarata 47, ina koyarwa a wata lekol a nan Damagaram, ƴaƴana biyar, auta tana da shekara 9. Tun ina budurwa al'adata ba ta saɓa lokaci: duk kwana 28 ko 29 take zuwa, ta yi kwana 5 ta ɗauke. Bara ta fara matsowa, kwana 24, kwana 23, sai kuma ta yi tsalle zuwa 35. Da na ga haka sai na ware wani ƙaramin kaye ina rubuta ranar zuwa da ranar ɗaukewa, don kada salla ta rikice mini.

Bana na gan ta ranar 20 ga Agusta, daga nan shiru. Satumba ta wuce, aka koma lekol a Oktoba, babu ko ɗigo. Abokiyar zamana ta ce kwantaccen ciki ne, uwar mijina ta ce girma ne ya zo in gode wa Allah. Ranar 27 ga Oktoba, bayan kwana 68, ina tsaye gaban allo na ji abu ya ɓalle mini. Allah ya taimake ni da babban hijabi, na sa yara kwafin darasi na fita. Jinin nan sai da ya yi kwana 11. Kwana uku na farko audugar mata ba ta kai awa biyu, ga gudaji manya. Da dare sai na haɗa da ƙunzugu, kuma kun san halin ruwa a garin nan, a satin nan kuɗin ƴan ga-ruwa kaɗai ya isa abin magana. Bayan ya ɗauke da kwana tara sai na sake ganin ɗigo-ɗigo na kwana biyu.

Ban da wannan, cikin dare zafi yakan taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in jiƙe da zufa alhali ɗari ya fara shigowa. In na yi tafiya kaɗan zuciyata ta dinga bugawa, ga jiri in na miƙe da sauri.

Na je wani ƙaramin asibiti. Wanda na tarar bai ma buɗe kayen ba, bai duba ni ba, ya rubuta takarda ya ce in je in yi ekografi, wato hoton ciki. Na fito ban san abin da ake nema a cikina ba. Maigida bai hana ba, amma kuɗin daga aljihuna zai fito, kuma an ce wani lokaci ta gaba ake saka na'urar, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Gaskiya kuma ina tsoron abin da za a gani. Yayar mahaifiyata ciwon mahaifa ne ajalinta, ba a taɓa faɗa mana sunansa ba.

To ku da kuka riga ni shiga waɗannan shekaru, wannan duk cikin yankewar al'ada ne in yi haƙuri, ko hoton ya zama dole?

Inna daga Mirya:

Wa alaikumus salam ƴata. Ni yanzu shekarata 58, tawa ta tsaya ina 51. Kusan shekara huɗu ta yi tana wasa da ni, wata biyu babu, wata uku babu, ta dawo ta yi kwana biyu ta tafi. Zufar dare kuwa har zane nake sauyawa. Ban taɓa yin hoto ba, kuma ga ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Iyayenmu ma haka suka wuce ta. Ni a ganina ki kwantar da hankalinki, ki ci zogale da hanta, ki rage tunani. Sai dai in faɗi gaskiya, nawa jinin raguwa ya dinga yi, bai taɓa kai kwana 11 ba.

Unguwarzoma mai ritaya, Zango:

Madam, sannu da jiki. Na yi shekaru ina aikin unguwarzoma a asibiti kafin in huta, bari in gaya miki abin da zan gaya wa ƙanwata.

Inna ta faɗi gaskiya, kuma maganarta ta ƙarshe ita ce inda ku biyu kuka rabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu tana tsayawa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta tsaya sai an cika wata 12 cur ba a ga jini ba. Kafin nan akwai shekaru na rikicewa. Matsowa zuwa kwana 24, tsalle zuwa 35, ɓacewa ta wata biyu, zafi da zufar dare, duk wannan hanya ce sananniya. Da iyakar abin da kika rubuta ke nan, da na ce miki ba ki buƙatar hoto, ba ki ma buƙatar awon sinadaran jiki da wasu ke turawa a yi, domin a wannan shekarun sinadaran yau sama gobe ƙasa suke, awo ɗaya ba ya nuna komai.

Dalilin jinin mai yawa, sau da yawa, shi ne wannan. A kowane wata sinadarin estrojen yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. In ƙwai ya fito sai jiki ya samar da projesteron, shi ne yake tsayar da kaurin ya sa ta zube a kan lokaci. Yanzu ƙwai ba kowane wata yake fita ba. To shimfiɗar sai ta yi ta taruwa babu mai ce mata ya isa, wata biyu, sannan ta rushe gaba ɗaya. Mai yiwuwa abin da ya same ki a gaban allo ke nan.

Amma "mai yiwuwa" na ce. Akwai alamomin da in mace ta zo da su ba a barin ta a kan zato: jinin da ya wuce kwana 7, wanda yake jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu a jere, wanda yake dawowa ƙasa da kwana 21, ɗigo tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan saduwa da maigida, da kowane irin jini bayan an cika shekara da tsayawa. Ke kin zo da uku daga ciki, ga jiri da bugun zuciya a kai. Saboda haka ki yi hoton. Sai dai ba shi ne farko ba, kuma ba shi kaɗai ba.

Farko awon fitsari na ciki. Kada ki ce kin girma, mace tana iya ɗaukar ciki muddin al'ada ba ta tsaya ba, kuma ɓari yana zuwa da kamannin abin da kika bayyana: ɓatan wata biyu, sannan jini da gudaji. Na biyu awon yawan jini. Mace marar ciki in ya gaza 12 ta shiga ƙarancin jini, kuma jirin nan naki shi ya fi damuna a yau, fiye da hoton. Na uku a duba bakin mahaifa da ido, a shafa ruwan binigar a gani ko wani wuri zai yi fari. Wannan yana da muhimmanci domin ekografi ba ya ganin farkon sankarar bakin mahaifa. Na sha ganin mata sun dawo da takardar hoto suna murna an ce ba komai, alhali ba wanda ya leƙa bakin mahaifar. A kuma tambaye ki ko kina kan allurar tazarar haihuwa ko ashanar hannu, su ma suna rikita jini.

Shi kansa ekografi da sauti yake aiki, babu irin hasken da ake tsoro a hoton ƙashi, kuma ba ya rage komai a jiki. Abin da zai nuna shi ne ko akwai fibrom, wato ƙarin nan na tsokar mahaifa da ba sankara ba ne kuma ya yi yawa a cikinmu baƙaƙen mata, ko wani ɗan tsiro a cikin mahaifa, ko ƙulli a wurin ƙwai. Hoton iri biyu ne. Wanda ake yi a kan mara sai kin sha ruwa mafitsara ta cika. Na ta gaba ya fi nuna shimfiɗar mahaifa sarai, siririn abu ne, ana sa masa riga, minti kaɗan ne. Kina da damar ki nemi mace ta yi miki, ko wata ta tsaya tare da ke, ko a fara da na kan mara. Ki faɗa tun a bakin ƙofa, ba rashin kunya ba ne.

Abu ɗaya da zai hana ki asarar kuɗi: lokaci. Macen da al'adarta ta tsaya, in shimfiɗar ba ta wuce milimita 4 ba hankali yana kwanciya. Ke kuwa da har yanzu kike gani, kaurin yana sauyawa cikin wata, don haka an fi son a yi hoton daf da ɗaukewar jini, lokacin da ta fi siranta. In aka yi shi a ƙarshen wata za a iya ce miki ta yi kauri a tayar miki da hankali a banza. Kuma ki sani, hoto ba ya rantsuwa cewa babu sankara a shimfiɗar mahaifa. Mace da ta haura 45 da irin wannan jini, likitan mata yana iya cewa a ɗebi ɗan abu kaɗan daga ciki a kai awo. In ya ce haka ba wai ya ga mugun abu ba ne, ƙa'idar aikin ce, musamman ga mai ƙiba ko ciwon sukari. Ki gaya masa labarin yayar mahaifiyarki ko da ba ki san sunan ciwon ba.

Ki nemi ganin likitan mata, ko a babban asibitin Zinder ko a cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro, ki buɗe masa kayen nan da hannunki. In kuwa kafin nan jinin ya dawo yana jiƙa auduga duk awa, ko kika ji kamar za ki faɗi, kada ki jira wayewar gari.

Maman tagwaye, Sabon Gari:

Yaya, don Allah ki ji maganar Hajiya unguwarzoma. Ni shekara biyu na yi ina cewa girma ne. Na sha jiƙe-jiƙe iri-iri, duk wanda aka ce yana tsayar da jini na saya. Har ƙanƙara na koma tauna kamar mai sabon ciki, ashe ita ma alamar ƙarancin jini ce. Ranar da na faɗi a Kasuwar Dole, a adaidaita aka kwashe ni, sai da aka ƙara mini jini leda biyu. Hoto ya nuna fibrom guda uku. Ba a yi mini aiki ba. Likita ya ce tunda na kusa tsayawa, sukan motse da kansu bayan al'ada ta yanke, ya ba ni maganin rage zubar jini da nake sha a kwanakin al'ada kaɗai, da ƙwayar ƙarin jini. Abin da na kashe a kwana huɗu na kwanciya ya ninka kuɗin hoton da nake gudu sau da yawa. Kuma mace ce ta yi mini nawa, na tambaya aka ce in dawo ranar da take aiki.

Malamar Islamiyya, Garin Malam:

Ban san likitanci ba, amma na ga kin ambaci salla. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai al'ada sananniya in jini ya zarce tana ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon kwanakin da ta saba, muddin jimla ba ta wuce 15 ba. Bayan haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla da azumi. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kuma kwana 15 ne. Tunda naki yana yankewa yana dawowa, ki kai wa malamar da kika amince da ita kwanakin a rubuce ta lissafa miki. Allah ya ba ki lafiya.

Madam daga Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Inna, maganarki ta sa na yi barci a daren nan, ba zan manta ba.

Hajiya, na bi tsarin da kika ba ni. Ranar Laraba da yamma, da yake babu lekol, na samu ganin likitar mata. Ta karanta kayen shafi-shafi, har ta tambaye ni ɗigon nan na kwana biyu ko bayan saduwa ne, na ce a'a. Babu ciki. Bakin mahaifa ta duba da binigar ta ce bai nuna komai ba. Jinina kuwa 9.4 ne. Ta rubuta mini ƙwayar ƙarin jini, ta ce kada in sha ta tare da shayi domin yana hana ta shiga jiki, kuma kada in tsorata in bayan gida ya yi baƙi. Ta ba ni maganin da zan fara in jinin ya sake zuwa da ƙarfi.

Hoton za a yi, na ta gaba, kuma na yarda. Ta ce in zo da zarar jini na gaba ya ɗauke, in kuma ya ƙi zuwa har sati huɗu in zo haka nan kada in yi ta jira. Maganar ɗibar abu a kai awo ta ce sai ta ga hoton. Na gaya wa maigida duka, ya ce shi zai kai ni, na kuma roƙi uwar adashinmu a ba ni kwasar wannan wata.

Tsoron bai tafi ba, musamman in na tuna yayar mahaifiyata. Maman tagwaye, in ba damuwa, ranar da aka yi miki kin iya komawa aiki a ranar, ko in nemi wadda za ta riƙe mini aji?