Sun kulle mini manhaja ana saura kwana biyu biki

Mai buga kati (Mokoyo): Jama'a, raina ya ɓaci. Katin aure ɗari uku ne a gabana, jibi ɗaurin aure, sai manhajar zane ta fito da jan rubutu wai kwafina ba na gaskiya ba ne, ta ƙi buɗewa. Jikka biyu na biya aka saka mini ita a kasuwa. Kamfanin da ke ƙetare ya shigo kwamfutata ya kashe mini aiki, wannan zalunci ne. Ni ba sata na yi ba.

Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko: Yaya, yi haƙuri, sata ce. Jikka biyun ladan mai sakawa ne, masu manhajar ko dala ba su gani ba. Da ka hau intanet ta aika lambarka gida, aka duba ba lasisi. Windows ma tana rubuta gargaɗi a kusurwar allo.

Mai gyara: Ƙanena, iya bakinka. Satar mi? Akuyar wa ta ɓace? Tasu na nan hannunsu, kwafi muka yi.

Malamin Islamiyya: Satar da ake yi wa haddi sai an ɗauke dukiya daga ma'ajiyarta. Wannan cin haƙƙi ne, kuma haƙƙi ba ya faɗuwa don mai shi yana nesa.

Mai gyara: Kun ji, Malam ya ce ba sata ba ce.

Malamin Islamiyya: Ban ce halal ba ce, kada ka yanke mini magana.

Hajiya mai shagon rubutu: Ku bar fassara, ku dubi kuɗi. Tun 2013 Adobe, mai yin manhajojin zane, ta koma haya wata-wata, ta bar sayarwa. Mai bugun shafi a dala ashirin ina zai samu katin banki ya biya?

Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko: Hajiya, akwai manhajojin LibreOffice da GIMP kyauta. Kuma Nijar na cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. A ƙasashen waje BSA, ƙungiyar masu yin manhajoji, har tukuici take ba ma'aikacin da ya tona asirin kamfaninsu idan yana aiki da manhaja ba lasisi.

Mai gyara: Ku 'yan jami'a kullum kyauta-kyauta. Kai da wace manhaja ka rubuta kundinka? Ni na saka maka ita.

Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko: Kai kuma kwamfuta nawa kilenka na USB ya cika da cuta?

Hajiya mai shagon rubutu: Tawa ɗaya ce, har yau bai biya ni ba.

Mai buga kati (Mokoyo): Don Allah, katina fa? Uwar amarya ta kira sau huɗu.

Mai gyara: Bari in taƙaita. Malam ya tabbatar ba sata ba ce, Hajiya ta shaida tsada ta yi yawa, yaro ɗaya ne ke bayan Turawa. Maganar kile kuma sharri ne. Kawo kwamfutar bayan La'asar.