Don Allah masu kaɗa jita, ya ake ƙirga bugun 7/4 (bugu bakwai a kowane zagaye)?

Salam jama'a. Ni dai tun ina makaranta kiɗan progressive rock nake ji, irin na ƙungiyoyin kiɗa su Genesis da Yes, kwanan nan kuma na koma wa waƙoƙin pop da indie masu zurfin tsari, gajeru ne amma aikin da ke cikinsu ba na wasa ba ne. To sati uku kenan ina fama da waƙar Solsbury Hill ta Peter Gabriel, wadda ya fitar a 1977 bayan ya bar Genesis. Waƙar a 7/4 take, in ina sauraro kawai lafiya lau nake binta har da kaɗa ƙafa, amma da na ɗauki jita sai hannuna ya ƙara bugu ɗaya ya maida ta takwas, wallahi abin na damuna sosai.

Na gwada ƙirga 4 da 3, na gwada 3 da 4, na rage saurin waƙar a waya, duk da haka in an zo ƙarshen amshi inda take komawa 4/4 (bugu huɗu-huɗu) sai in ɓace gaba ɗaya.

Wanda ya taɓa koyonta, da baki kake ƙirgawa ko bugun ganga kake bi? Ku taimaka min don Allah.