An toshe mana lungu wai an sayar, hakan ya halatta?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Lungun bayan gidanmu da muke bi zuwa masallaci tun muna yara, kawai jiya muka tashi muka ga an sauke bulo da yashi, wai wani Alhaji ya sayi gidajen da ke gefe biyu har da lungun zai yi plaza, kuma ta nan kwatar unguwa ke fita, ina za mu kai kuka?

Malam Na Rafindaɗi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin cikin birni a hannun gwamna ne, mai unguwa ko dillali ba su da ikon sayar da hanyar jama'a. Ku tambayi Alhajin takardar izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, in taswirar unguwa ta nuna hanya ce to da wuya ya iya kare kansa.

Maman Ummi:
Mu haka aka yi mana, damina na zuwa ruwa ya rasa mafita ya dawo tsakar gida, katangar ƙasa ta zube. Yanzu ko gawa sai an zagaya da makara wlh.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Malam mai unguwar ma ance da shi aka yi cinikin fa.

Malam Na Rafindaɗi:
To ku wuce wajen hakimi da takarda, kowane magidanci ya sa hannu, ku ɗauki hoton lungun yau kafin a zuba kankare.