Shawarwarin Masu Haɗa Kiɗa a Gombe Kan Kayan Sautin Saitirans

A zaman da masu haɗa kiɗa suka yi a Gombe, mafi yawansu sun amince cewa mai fara koyon saitirans, kiɗan da ya samo asali daga Goa ta Indiya, ba ya buƙatar na'urar haɗa sauti mai tsada irin Access Virus. Manhajar haɗa sauti ta Vital kyauta ce, kuma ta ishe shi. Sun fi jan magana kan daidaita bugun ganga da sautin bas, domin a saurin bugu 145 a minti ɗaya, ƙaramin saɓani yakan dagula kiɗan. An ambaci Roland TB-303, na'urar fitar da sautin bas ta 1981, sai dai samun ta asali wahala ne. A ganina, belun kunne mai inganci da batirin ajiyar wuta su ne abin fara saye.