Abin da iyaye suka tsayar kan littattafan zane na The 99

Mun daɗe muna tattauna ko ya dace a bai wa yara littattafan zane na The 99, waɗanda Dakta Naif Al-Mutawa ɗan Kuwait ya fara fitarwa a 2006. Labarin ya faro ne daga faɗuwar Bagadaza a 1258. A ƙagen, ilimin littattafan da aka zubar a kogin Dijla ya shige cikin duwatsu 99, kowanne yana bai wa mai riƙe da shi wata baiwa.

Sunayen jaruman ne suka fi cin lokaci, irin su Jabbar da Noora, domin daga sunayen Allah kyawawa aka ɗauko su. Wasu suka ce sam, suka kawo fatawar haramta The 99 da ta fito daga Saudiyya a 2014. Wasu suka ce ai marubucin bai sa musu "Al" ba, kamar yadda ake cewa Al-Jabbar idan Allah ake nufi.

Shawarar da ta rinjaya, ni ma ita na ɗauka: uba ko uwa su fara karantawa tukuna. Sannan a zauna da yaro a tabarma, a buɗe shafin tare, idan ya ɗora yatsa kan dutsen a gaya masa ƙage ne, dutse ba ya ba da ƙarfi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tuntuɓi malaminsa kafin ya saya.